Sarkin Wari da Kaskon Safiyatu

Cikin jirgin gas, bakin ruwan Apapa, Legas.

Asalamu alaikum jama'ar Tudun Wadan Kwantagora kaf ɗinku, manya da yara, na zaune da na tsaye, masu saurare da masu yin kamar basa ji, harda awakin babana Ndayako da agwagin maƙota. Kowa ya gyara zama. Mai tauna ya haɗiye tukun. Musa ne ke magana daga kan teku, Musan da kuka sani yana faci a bakin tasha, yanzu ko sai dai ku ganshi a hoto in kunada rabo.

Gaisuwa ta musamman gareki Safiyatu yar goggona, taubashiyata kuma baiwata ta gado. Ke zaki karanta ma sauran tunda ke kikayi boko mai tsawo. Ki ɗaga murya. Ya gida, ya Inna, ya maigidanki Abdulsalami da shanunshi, ya ƙanwarki Lailatu da nauyin jiki, Allah ya sauketa lafiya. Ni dai lafiya ƙalau nake harda ƙari. Wuyana ya ninku. Rigar da nabar gida da ita yanzu hannu ɗaya kawai ke shiga.

To ga labari. Jirgin da nake ciki in aka ajeshi a Kwantagora, kanshi na tasha wutsiyarshi na hanyar Rijau. Gas ɗin girki yake ɗauka. Masu jirgin wasu turawa ne can, amma wani kamfani ya ɗauki shatarshi, kamar dai yadda yan biki ke ɗaukan shatar mota, mota ta mai ita kaya na mai biki. Akwai takarda tsakaninsu sunanta kwantaragi, kaurinta yakai bulo. Komai na ciki. Ko tari zakayi a jirgin nan sai an duba ko kwantaragi ya yarda.

Abinda baku sani ba kuma yau zan sanar daku kyauta, gas bashida wari. Wallai ko kaɗan. Yadda yake fitowa daga inda ake yinshi ko kin cusa hanci ciki ba abinda zakiji. Warin nan da kukeji sa mai akeyi. Akwai wani ruwa da masu shata ke kawowa a wata yar tukunyar ƙarfe, in zamu sauke kaya sai a ɗiga a bututu. Safiyatu ruwan nan in aka buɗeshi ungulu ma canza hanya take. Ki haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da albasar da ta kwana a ruwa da takalmin Abdulsalami in ya dawo daga kiwo a Bobi, to baki kai rabi ba. Ance ana sashi ne dan in gas na zuba a gida, hanci yaji kafin wuta taji.

Kuma waye ke kan wannan aikin? Ni. Sarkin Wari na ƙasa baki ɗaya. Duk matar da ta kunna gas daga Legas har Sakkwato ta yatsine fuska, sa hannuna ne. Kaftin baya shan shayi sai ya nemi shawarata. Shekaranjiya wani kifi mai girman tirela ya biyomu yana ɗaga mun kai, nace ya koma ina aiki.

Abu ɗaya ne ya faru. Wayata ta faɗa ruwa ina ɗaukan kifin hoto, duk lambobinku sun tafi da ita. In kin kira wani ya ɗauka yana kumfa ba ni bane. Sabida haka na koma takarda. Akwai Sunday ɗan Rijau mai jan tankar gas daga nan zuwa Kwantagora. Ina aje mai wasiƙa wajen mai shayin ƙofar depo, in yazo lodi ya ɗauka, in ya dawo ya aje amsa. Ki rubuto mun lambarki da ta maigidan.

Daga ƙarshe abincin jirgi ba yaji. Ki aiko mun da yaji mai tafarnuwa, da ƙuliƙuli irin na Nufawa mai sanda sanda, kar ki haɗasu a leda ɗaya.

Ubangidanki,
Musa Ndayako, Sarkin Wari.


Tudun Wada, Kontagora.

Wa'alaikumus salam, ubangidan da ko kaza bai ajiye ba.

Wasiƙarka ta iso. Sunday ya tsaya a zaure ya miƙo ta, na karanta wa mutanen gida bayan la'asar. Kawu Ndayako ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa, ya ce a gaya maka awaki sun amsa. Duk muna lafiya. Inna tana nan wajena, ƙafar ta yi sauƙi. Abdulsalami yana Bobi wajen shanu, sai ya ga dama yake leƙo mu. Lailatu ta shiga watanta, ta dawo nan kusa da Inna za ta haihu.

Na sha wahala da rubutunka. Ka manne kalmomi kamar tuwon da ya kwana. Amma ƙarya ko a manne take ina gane ta.

Kifin nan na bar maka shi. Maganar wari ce ta tsaya mini, don ashe kai ne mai laifin da nake nema. Kafin azumi Abdulsalami ya sayo mini tukunyar gas sabuwa fil, da murhunta da tiyo, ya ce hayaƙin itace ya isa haka. Da farko lafiya lau. To 'yan kwanakin nan kicin ɗina ya ɗauki wani wari, irin wanda ka kwatanta sak, har da takalmin. Ko ban kunna ba yana nan. Da safe in na buɗe ƙofa shi ke fara gaishe ni. Na wanke ƙasa, na fitar da daddawa, na duba ko wani abu ne ya mutu a lungu, ban ga komai ba. Ka ce wai ana sa shi don a gane in gas yana zuba. Wannan ka ajiye shi kusa da kifinka. Sabuwar tukunya ba ta yoyo. Hannunka ne ya yi nauyi, ka zuba fiye da ƙima, yadda kake yi da sukari a koko.

Ni dai na samo maganinsa. Ka san sana'ata turaren wuta ce da humra, kuma duk Tudun Wada ba a kai amarya sai da haɗina. Kullum da safe sai in ɗebi garwashi a kasko, in ajiye a bakin ƙofar kicin, in zuba turare. Kafin ka ce kwabo warinka ya gudu. Da rana ya dawo, in ƙara masa.

Ga shawara, tunda kai ne sarki. Me ya sa dole sai wari? Na ba Sunday kwalbar humra da gwangwanin turaren wuta mai sandal da hawi. Ka zuba humrar a madadin wancan ruɓaɓɓen abu. Ka ga mace ta kunna gas gida ya ɗauki ƙamshi, kowa ya huta. In kyaftin ya ji daɗi ka ce masa akwai ƙari, kuma sunan mai haɗin Safiyatu. Kada ka ce kai ne, na san halinka.

Ka sa mu a addu'a. In Lailatu ta sauka, jajibirin suna zan turara mata kayanta da na jariri gaba ɗaya. A kicin zan yi, don shi ne ɗakin da ya fi riƙe hayaƙi. In rataye kayan, in toshe taga da tsumma, in shigar da kasake, in ja ƙofa. Ranar za a san wane ne sarki tsakanin warinka da turarena.

Yaji da ƙuli suna cikin kwali. Inna ta ƙara maka da dakuwa, ta ce ka rage ƙarya ka riƙe salla.

Taubashiyarka,
Safiyatu.


Cikin jirgi, Apapa, muna shirin tashi.

Salamu alaikum Kwantagora da kewaye, Mashegu ta miƙo kunne, Rijau ta matso kusa, Sarkin Wari zai yi jawabi. Safiyatu ya gida, ya Inna da ƙafa, ya Lailatu. Saƙo ya iso. Yajin nan wani ɗan Filifin abokin aikina ya ɗanɗana ya zagaya jirgi da gudu yana kiran uwarshi, yanzu kullum sai ya roƙa. Dakuwa bata kai la'asar ba.

Wasiƙarki a tsaye na karanta rabi rabi ana kiran aiki, naga dai zagi a sama da maganar humra a ƙasa. To na ɗau kwalbar na tafi wajen Cif Emmanuel, shine mai bi ma kaftin, mutumin Benuwai ne yanajin Hausa. Nace Cif na kawo canji. Ya shinshina ya lumshe ido yace wannan na madam ne ko na aiki. Nace na bututu ne. Yayi dariya har ya riƙe ƙarfe, sannan ya jawo kwantaragi yace zauna Musa in karanta maka sarautarka.

Ga abinda ke ciki kiji.

Ruwan warin ba na jirgi bane na masu shata ne. Su zasu siyo su kawo, kuma sai sun sanar da kaftin tun kafin ranar, da takardar da ta faɗi ko menene a tukunyar. Mutanensu ne zasu sa da hannunsu. Ma'aikacin jirgi baya taɓawa ko da yatsa. Nace to ni fa. Yace kai aikinka ka tsaya can nesa da tiyon kashe gobara. Kinga ai sarauta kenan, sarki baya aiki da hannu kallo yake.

Sannan ba'a zubawa cikin tankunan jirgi, sai a bututu lokacin da kaya ke fita. In kuskure yasa ya koma tanki ko ya zube a jirgi, masu shata ne zasu wanke, kuma duk kwanan da jirgi yayi a tsaye ana wanki a kansu yake, mai jirgi na barci hayarshi na tafiya. In wani ya cutu nanma su zasu ɗauka. Kuma kaftin in yaga abin bai mai ba, ko hadari ya taso ko tiyo bai zauna ba, yana cewa a tsaya kowa ya tsaya, ko mai kamfani ne a wajen da babbar riga.

Nace to ina inda aka hana ƙamshi. Yace Musa da gangan aka zaɓi abinda ba mai iya zama dashi. In gas na ƙamshin amarya wa zai tashi ya duba, ai gyara kwanciya mutum zaiyi. Ya dai riƙe humrar yace madam ɗinshi zata gode. Turaren wutan ko ya kulle a durowa dan a jirgin nan ko ashana ba'a shigowa da ita, yace duk inda hanci yaji warin nan to garwashi ɗaya ya isa

Tsaya.

Safiyatu na koma na karanta takardarki tun daga sama a zaune.

Kince ko baki kunna ba yana nan. Kince kina aje kasko a bakin ƙofa.

Ki aje dariya. Ba hannuna bane yayi nauyi, bana ma taɓawa kinji dai yanzu. Gas ɗinki zuba yake. Sabuwar tukunya na yoyo, tiyo na yoyo, kan ma na yoyo. Na kai ma Cif takardar ya karanta baiyi dariya ba. Yace gas ɗin nan ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, daidai inda kasko ke zama. Abinda ya tsareki zuwa yanzu Allah ne da tagar nan da take buɗe. Ranar da kika tosheta kika shiga da wuta, da ke da Inna da mai jego da jariri duk gida ɗaya kuke.

Kar ki kunna komai a kicin. Kar ki taɓa makunnin lantarki. Ki rufe kan tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, a fito da ita tsakar gida inda iska ke bi. Kasko ya koma can bayan ɗaki. Ki bar Sunday ya shigo ya duba, aikinshi ne. In Abdulsalami yayi faɗan namiji ya shiga mai gida kice ni nace.

Baki rubuto lambar ba.

An fara kwance igiya. Zan ruga in aje wannan wajen mai shayi, na rubuta a bayan ambulan Sunday kar ya tsaya ko ina.

Musa.


Kan teku, muna jiran layin lodi wajen Boni.

Salamu alaikum mutanen gida. Safiyatu.

Bansan ko waccan ta isa ba. Nan ba mai shayi ba Sunday, ruwa ne gaba da baya. Wani makanikenmu ya samu hutu zai bi ta Legas, shi zai aje wannan.

Kaftin da yaji labari ya bani wayar jirgi wadda ba'a ba kowa, yace kira gida. Na tsaya da ita a hannu. Lambar da nake ganin ta Abdulsalami ce na danna, wata mata ta ɗauka a Gombe tace ita batada shanu. Na canza ƙarshen, wani ya ɗauka yace in turo mai kati. Na canza kuma, a kashe. Kaftin ya dafa kafaɗata ya karɓi abinshi.

Ina lissafin watan Lailatu da yatsu yana ƙin fita yadda nakeso. Wuyan nan da ya ninku ya koma yadda kuka sanshi. Jiya ana cin shinkafa na buɗe yajinki naji ƙamshin sandal a jikin ledar, na kasa ci, ɗan Filifin ya cinye.

In kin karanta waccan kin ɗauka irin ta kifi ce, to naji, kifin bai kai tirela ba. Ko keke bai kai ba. Amma maganar tukunya haka take.

Ku rubuto ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne.

Musa.


Tudun Wada, Kontagora.

Assalamu alaikum, Sarkin Kallo, mai tiyon kashe gobara.

Kwantar da hankalinka ka ci abinci. Duk muna nan da ranmu, har mun ƙaru. Lailatu ta sauka lafiya, namiji, ƙato, mai baki irin naka. Wasiƙunka duka sun iso. Ta bayan ta same mu an riga an watse daga suna. Wadda ta riga ta ce zan ba ka labarinta.

Sunday ya daɗe a layin lodi, sannan taya ta fashe masa a Tegina. Bai iso ba sai jajibirin suna da hantsi. Lokacin na riga na rataye kayan mai jego a kicin, na toshe taga, na ja ƙofa. Ina tsakar gida ina fifita garwashi, kasake jere a gabana, sai na ji sallama a zaure kamar an koro mutum.

Na leƙa. Ya ce, "Maman gida, an rubuta a baya kada in tsaya, ni kuma na tsaya. Don Allah karanta yanzu."

Na ce, "Sunday, hannuna da aiki. Ajiye, in na gama turare na karanta wa jama'a."

Ya ce, "Ni dai ba inda zan je sai kin buɗe."

Na buɗe a tsaye, mafici a hammata. Na yi dariyar ɗan Filifin. Na ji haushin humrata da aka kai wa matar wani. Da na zo wajen yoyo na ce to, Musa ya ji kunyar an gano sarautarsa ta kallo ce, shi ne yake neman ya ba ni tsoro mu tashi kunnen doki. Ba zan ɓoye maka ba, ban yarda ba. Kai ne fa ka taɓa ce mana ka ga kura tana sayen goro a kasuwar Mashegu.

Sai na kai ƙarshe. Na ga "Musa" kawai. Na juya takardar, ba komai. Na leƙa cikin ambulan ko wani guntu ya maƙale. Na sake bin layukan ƙarshe da yatsa. Ba yaji, ba ƙuli, ba dakuwa. Tun muna yara ba ka taɓa yin sallama da mutum ba ka roƙe shi wani abu ba. Ranar da aka kai ka asibiti da karaya ma sai da ka ce wa nas ta ba ka biron aljihunta. A nan na gane wannan karon da gaske kake. Na kwara wa kasaken ruwan buta, na ce Sunday ya shigo, in ya so maigidan ya yi faɗansa daga baya.

Ya hana kowa matsowa. Ya tura ƙofar kicin a hankali, ya ja da baya yana toshe hanci.

Ya ce, "Yesu. Maman gida, a nan za ki shiga da wuta?"

Na ce, "To ai ban shiga ba."

Ya cire tsumman taga, ya rufe kan tukunya, ya fito da ita haɗe da tiyo da murhu ƙarƙashin mangwaro. Ya ce in kawo ruwan omo. Ya shafa a tiyo, ya ɗan buɗe kan. Musa, ta bayan tiyon, wajen da ke jingine da bango, kumfa ta riƙa tasowa tana fashewa. Ɓera ne ya ci shi. Tukunyar kuwa lafiyarta lau, kamar yadda na faɗa. Wannan ka rubuta ka ajiye.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Lailatu ta rungume yaro tana kuka tana dariya. Ni na shiga ɗaki na yi nafila, na fito na sake hura wani garwashin can bayan ɗaki, na turara kayan a ƙarƙashin kwando, iska na kwashe rabin hayaƙin. Duk da haka 'yan suna sun yi ta tambayar wa ya yi haɗin.

Abdulsalami ya dawo ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya sayo sabon tiyo mai waya a jiki, ya kai wa Sunday zabi har tasha. Ya ce a gaya maka ya yafe maganar takalminsa.

An sa wa yaro Musa. Kada kanka ya kumbura, sunan kakansa ne na wajen uba.

Ga lambata da ta maigidan a ƙasa, na rubuta su manya-manya. Ban sa komai a kwali ba wannan karon, tunda ba ka roƙa ba.

Taubashiyarka,
Safiyatu.


Apapa, mun dawo.

Asalamu alaikum Kwantagora, Bobi, Rijau, Mashegu, mutane da awaki da agwagi, banda ɓeraye. Ɓerayen Tudun Wada ba gaisuwa tsakanina daku har abada. A buga ganga a share hanya. Sarkin Wari ya ceci gida guda daga tsakiyar teku ko takalmi bai sa ba.

Na karanta takardarki a bencin mai shayi. Yace lafiya kake hawaye, nace hayaƙin murhunka ne, yace ai gas nake amfani dashi. Nasa ya kawo ruwan omo na duba mai tiyo nan take. Na koma jirgi na karanta ma kowa Cif Emmanuel na fassara. Kaftin ya tafa. Naci shinkafa har mai kicin ya ɓoye tukunya, wuya ya fara dawowa.

Maganar sunan kaka ku gaya ma wani. Yaro takwarana ne. In ya girma zan kaishi yaga kifin nan, wanda na sake tunani yakai tirela.

Yanzu ga kwantaragi tsakanina dake, Cif ya tayani tsarawa. Wari nawa ne ƙamshi naki, ba mai shiga aikin wani. Kasko baya shiga kicin. Duk ranar da hanci yaji aikina kowa ya tsaya, ko biki ake. In kika karya, wanki a kanki. Madam ɗin Cif kuma tace humra ta kusa ƙarewa ko akwai ƙari, na gaya mata sunan mai haɗin Safiyatu, duk da dai ni na koya miki.

Lambobi sun iso na gansu manya manya, na haddace harda baya baya. Sai dai har yanzu wayata na wajen kifi.

Sabida haka ki aiko mun da yajin da kika riƙe da na wannan karon, da ƙuli, da dakuwar Inna, da soyayyen naman sunan takwarana in kun rage, da guntun tiyon da ɓera yaci zan rataye a ɗakina. Kuma kice ma Abdulsalami ya saida ɗan maraƙi ɗaya ya aiko mun da waya.

Ubangidanki har gobe,
Musa Ndayako, Sarkin Wari.